Babi na Bakwai: Ali Nuhu, Sarkin da Kasuwar Nesa ta Naɗa

Mai son sanin yadda Ali Nuhu ya zama abin da ya zama, kada ya tsaya a Kano kaɗai. Ya sauko ta Jos, ya gangara Akwanga, ya miƙe hanyar Makurɗi har ya iso Lafiya. Garin Barebari ne a asali, zuriyar Muhammadu Dunama ke sarautarsa, amma in ka shiga kasuwa ranar da doya da riɗi suka sauka, za ka tarar da Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Fulani da Ibo, kowa da harshen da yake yi a gida, ciniki kuwa da Hausa ake ƙulla shi. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga Filato ta mai da Lafiya babban birni. Ma'aikata suka taso daga Jos da iyalansu, shaguna suka ƙaru, kuma a daidai waɗannan shekarun ne kaset ɗin fim ɗin Hausa ya fara cika shagunan haya.

Irin wannan gari shi ne ya raini Kannywood da kuɗinsa, shi da Jos da Minna da Suleja da Yola da Sabo na Ibadan da Maraɗi da zangon Kumasi. A nan mai kallo ba ya tambaya ko jarumi ya iya gaisuwar fada irin ta Kanawan cikin ganuwa. Abin da yake so labari ne da harshen da yake ji, da fuskar da za ta yi kama da ta saurayin unguwarsu da ya yi boko. Ali Nuhu ya zo da wannan fuskar, domin shi ma ɗan irin wannan rayuwa ce.

An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris, 1974. Mahaifinsa, Nuhu Poloma, mutumin Balanga ne a Jihar Gombe ta yau. Mahaifiyarsa, Fatima Karderam Digema, 'yar Bama ce a Borno. Ya taso tsakanin Jos da Kano, ya karanta ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya yi bautar ƙasa a Ibadan. Kafin ya tsaya gaban kyamara ya riga ya zauna da Arewa ta gabas da ta tsakiya da ƙasar Yarbawa, yana Hausa yana Turanci ba tare da ya yi tuntuɓe a ɗaya ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan sana'a, ya daɗe da lura cewa da yawa daga cikin waɗanda suka kawo salon rawa da waƙa ba Hausawa ba ne a ƙabila, mutane ne da Hausa ta zame musu harshen rayuwa. Masu suka sun riƙe wannan a matsayin hujjar cewa baƙi ne suka ɓata al'ada. Ni a wurina bayani ne na dalilin da ya sa kasuwar ta yi faɗin da ta yi.

Lokacin da ya shigo, sana'ar ba ta cika shekara goma ba. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma yawancin masana daga nan suke fara lissafi. Waɗanda suka biyo baya 'yan wasan daɓe ne da na talabijin da marubuta littattafan soyayya irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim. A 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, a shekarar ce kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, shekara uku kafin jaridar New York Times ta fito da sunan Nollywood. A 1999 ɗin ne Ali Nuhu ya fito a Abin Sirri Ne.

Ba a daɗe ba sai ga Sangaya na kamfanin Sarauniya, inda ya fito yarima, Fati Muhammad kuma ta fito Zubaina, 'yar aikin gidan sarauta. Labarin ba sabo ba ne, ɗan sarki da 'yar talaka ko a tatsuniya akwai su. Waƙoƙin ne suka ɗauki fim ɗin suka kai shi inda ƙafar ɗan kasuwa ba ta kai ba. Aka riƙa jin su a gidan biki da tashar mota da rediyon mai shayi. Sai Wasila na Yakubu Lere daga Kaduna, inda ya fito Jamilu, mijin da aka ci amanarsa. Daga waɗannan biyu furodusoshi suka gane cewa fuskarsa a jikin kwali kuɗi ce.

Sai an fahimci wannan kwali kafin a fahimci sauran tarihinsa. A zamanin kaset, furodusa ba ya sayar da fim yadda ake sayar da buhun shinkafa. Idan ya gama ɗauka da tacewa, sai ya je maɗaba'a ya buga kwalaye masu hoton jarumai da sunan fim, ya kai wa 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da na Bata a Kano tare da uwar kaset. Su ne masu injinan kwafa. Su za su sayi kaset da ba komai a kai, su naɗa, su zura a kwali, su raba wa dillalai, daga nan kaya su hau mota zuwa garuruwa. Rabon furodusa yana jikin kwali: kwali nawa aka saya, shi ne kuɗinsa, kuma sau da yawa bashi ake karɓa sai an sayar a biya. Kaset ɗin da ya iso Lafiya, mai shagon haya zai iya ba da shi ga gida hamsin, mai gidan kallo ya haska wa samari ɗaki guda, wani ya kwafa ba kwali ya sayar da araha, duk furodusa ba zai ga ko kwabo ba. Jarumi kuwa an sallame shi tun a lokeshin. Ko fim ya ci kasuwa har Agadas, abin da aka damƙa masa ranar ɗauka shi ke nan.

A irin wannan tsari, jarumin da ya tsaya a jarumta kawai yana tallata dukiyar wani ne da fuskarsa. Ali Nuhu ya gane haka da wuri. Ya kafa kamfaninsa, FKD, wanda ya ɗauko haruffansa daga sunan mahaifiyarsa, ya fara shiryawa da ba da umarni da kansa. Mujadala ya fito daga wannan gida, aka kuma san shi da shi har ya sake yin sa a 2018 da sababbin yara. Tsararrakinsa da yawa da suka yi tashe tare da shi, waɗanda fastocinsu suka cika bangon shaguna a 2002, yau sai an yi dogon tunani kafin a tuna sunayensu. Ba don ya fi su iya wasa ba ne duka. Ya mallaki abin da ake sayarwa, su kuwa haya aka ɗauke su.

Maganar Indiya kuma ba a kauce mata. 'Yan fim da kansu suna da sunan da suke kiran abin: wankiya, wato a ɗauko fim ɗin Indiya a sauya masa riga. Khusufi na Ali Nuhu daga Taal aka ɗebo shi, kuma ba shi kaɗai ba ne. Bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ga finafinan Indiya ba, ya ma je can ya yi kwas a kan sana'ar. Masu kare shi suna cewa Bahaushe ya fi shekara hamsin yana kallon Indiya, tun zamanin da Kwarori masu gidajen silima irin su Rex da Palace da El Dorado a Kano suka fara kawo su, kuma auren dole da kishiya da biyayyar iyaye da ke cikinsu sun fi kusa da mu a kan abin da Amurka ke nunawa. Gaskiya ne. Amma wankiya ta yi wa sana'ar illa da ba a cika faɗa ba: ta kashe darajar marubuci. Furodusan da zai iya samun labari kyauta a kaset ɗin Indiya, me zai sa ya biya mai alƙalami? An yi shekaru ana jarumai da mawaƙa da daraktoci masu suna, marubucin fim kuwa sunansa na wucewa a ƙarshen kaset ba mai karantawa. Ali Nuhu yana da kaso a wannan laifi daidai girman kasonsa a kasuwa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne gidan da ya gina da mutane. Kannywood ba ta da makarantar koyon wasa da za a ce daga nan jarumai ke fitowa. Abin da take da shi ubangida ne da yaransa, irin tsarin da Bahaushe ya sani a wajen fatake da maƙera. Yaro zai zo ya laɓe a ofis, ya riƙe jaka, ya je aike, a sa shi a fitowa ɗaya ko biyu, wata rana maigida ya ce shi ne zai ja fim. Ahmad S. Nuhu shi ne na farko da aka san su tare, har mutane da yawa suka ɗauka wa da ƙane ne saboda sunan. Rasuwarsa a haɗarin mota a Azare ranar 1 ga Janairu, 2007, ta girgiza masana'antar gaba ɗaya. Bayansa gidan bai rufe ba. Nafisa Abdullahi ta fito a Sai Wata Rana a 2010. Rahama Sadau ta fara a 2013 a gefensa. A Mansoor na 2017 ya ɗauko mawaƙi Umar M. Shareef da wata yarinya da ba wanda ya sani, Maryam Yahaya, ya ɗora musu fim ɗin, shi ya koma baya. Jarumin da ke tsoron tsufa ba ya yin haka. Furodusa ne ke yi, domin ya san fuska tana gajiyar da mai kallo, kamfani kuwa sai da sabuwar fuska yake rayuwa.

Wannan tsari yana da tsadarsa. Inda akwai ubangida akwai ɓangare, kuma an yi shekaru masana'antar na rabe tsakanin yaran Sarki, wato Ali Nuhu, da yaran Adam A. Zango, magoya baya na zage-zage a Facebook da Instagram, har ta kai Ali Nuhu ya shigar da ƙara kotu a Kano a 2019 kafin manya su shiga tsakani a sasanta. Yaron da ba shi da ubangida, ko yana da baiwa, zai daɗe yana zagaye. Yarinya kuwa halin da take shiga ya fi wannan wuya, kuma ba a nan za a ƙare maganarsa ba.

Shekarar 2007 ce ta gwada kowa. Bayan ɓullar wani bidiyon batsa na wata jaruma da aka ɗauka da waya, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, hukumar da aka kafa tun 2001 bayan dawo da shari'a. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Aka ɗaure Adam Zango saboda kundin waƙoƙinsa Bahaushiya. Rabilu Musa Ibro ya shiga kurkuku, Hamisu Lamiɗo Iyantama ma ya shiga a ƙarshen 2008 a kan fim ɗinsa Tsintsiya. 'Yan fim suka watse zuwa Kaduna da Jos da Abuja. Ali Nuhu bai yi fito-na-fito da hukuma ba, bai kuma zauna jiran a buɗe ba, domin a lokacin ya riga ya sami wata ƙofa.

A 2006 Izu Ojukwu ya sa shi a Sitanda, fim na Turanci, kuma a 2007 ya karɓi kyautar finafinan Afirka ta AMAA ta jarumi mai tasowa, shi da ya shekara takwas yana jan ragama a Arewa. Abin dariya ne, amma yana nuna yadda Legas ke kallon Kano a wancan zamani: kamar babu ta. Daga nan ya zama ɗan Arewan da Kudu ke kira in ana neman ɗan Arewa. Ya fito a Last Flight to Abuja na Obi Emelonye a 2012, da Banana Island Ghost a 2017, da Amina, da The Black Book a 2023. A ganina wasansa mafi kyau yana cikin Confusion Na Wa na Kenneth Gyang, wanda ya ci kyautar gwarzon fim a AMAA ta 2013. Can ya fito Bello, ƙaramin ma'aikacin ofis da kowa ke takawa, matarsa ma tana cin amanarsa. Babu rawa, babu mota mai tsada, babu kallon ƙasa-ƙasa na saurayin fim ɗin Hausa. Wanda ya ga wannan zai yi takaicin shekarun da kasuwar kwali ta tsare shi a matsayi ɗaya, kuma shi da kansa, da yake shi ne furodusa, yana cikin masu tsarewar.

Fitowarsa a Kudu ta jawo masa surutu a Arewa, musamman inda labari ya kai ga kusantar mace. Surutun bai taɓa zama hukunci ba. Rahama Sadau kuwa, da ta fito a bidiyon waƙar ClassiQ a 2016, ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN korar ta ta yi daga masana'antar. Kowa ya ga bambancin mudun da aka auna su da shi.

Akwai wata masana'anta a Indiya da ta fi Bollywood kama da tamu, kodayake ba a cika kawo ta a misali ba. A Jihar Karnataka, inda Bangalore take, ana yin finafinai da harshen Kannada, a inuwar Hindi da Tamil da Telugu waɗanda suka fi su kuɗi. Babban jaruminsu, Rajkumar, wanda ya rasu a 2006, ya fito a finafinai sama da 200, da ya yi suna kuma ya ƙi zuwa ya yi jarumta da wani harshe. Matarsa Parvathamma ce ta riƙe kamfanin shirya finafinan gidan, ɗansu Puneeth ya gaje shi a jarumta ya kuma kafa nasa kamfani, PRK, kafin ya rasu a 2021 yana da shekara 46. Wannan gida da sauran 'yan masana'antar sun tsare kasuwarsu da wata doka da ba a rubuta ba: ba a fassara fim ɗin wani harshe zuwa Kannada. Sun yi kusan shekara hamsin a haka, sai a 2015 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Indiya ta ce hanin ya saɓa doka. Zuwa lokacin sun yi ƙarfin da za su fitar da KGF a 2018 da Kantara a 2022, finafinan da su kuma aka fassara wa duniya.

Kano ba ta sami irin wannan katanga ba. A tsakiyar shekarun 2010 Indiya-Hausa ta shigo, Algaita da ire-irensu suna ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, da yawansu ma na kudancin ƙasar ne. Mai kallon da aka shekara goma sha biyar ana ba shi kwaikwayon Indiya, ga shi an kawo masa ta ainihi tana magana da harshensa, da faɗa da jirgin sama da duwatsun da kyamarar Kano ba ta da kuɗinsu. A lokaci guda faifan CD ya mutu a hannun masu tura finafinai a waya, waɗanda ke cika maka katin ajiya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da yawa suka koma sayar da wasu kaya. Ƙoƙarin komawa silima ya tsaya kusan a wuri ɗaya, Filmhouse na Ado Bayero Mall a Kano, inda aka haska Mansoor. Ƙauyen fim da gwamnatin Buhari ta yi niyyar ginawa a Ƙofa a 2016, malamai suka yi masa ca, aka janye.

Abin da ya ceci sana'ar finafinai masu dogon zango ne. Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Aminu Saira ya zo da Labarina, Lawan Ahmad ya sa Izzar So a YouTube a 2020. A nan marubuci ya dawo da darajarsa, domin ba a wanke labarin da zai yi mako ɗari daga fim ɗin awa uku. Ali Nuhu bai jagoranci wannan sauyi ba, amma bai yi masa girman kai ba: ya shiga Izzar So a ƙarƙashin wanda ya taso a bayansa, ya yi nasa Alaƙa, ya karɓi matsayin uba da na alhaji, ga tallace-tallacen kamfanoni irin su Glo da ya daɗe yana yi.

A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi Manajan Daraktan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, mai hedikwata a Jos, garin da ya yi jami'a. Hukuma ce da aka gina don zamanin fim na majigi, wadda ta yi Kulɓa Na Ɓarna a farkon shekarun 1990, sannan kasuwar bidiyo ta taso ta wuce ta ba tare da ta nemi izininta ba. A hannunta Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, da bikin finafinai na Zuma, da ma'ajiyar tsofaffin finafinai. Ba ita ke tace fim ba, ba ta kuma da iko a kan abin da jiha za ta hana. Wannan iko a Kano ya shiga hannun wani ɗan fim ɗin, Abba El-Mustapha, wanda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba hukumar tacewa a 2023. A watan Mayun 2025 hukumarsa ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, ta ce sai an kawo mata su ta duba kafin a sake su a YouTube ko talabijin.